Charles Spurgeon: Mai Wa'azi da Ƙaya Cikin Jikinsa

Da yake mun kai 2 Korintiyawa sura 12, inda manzo Bulus ya ambaci ƙayar da ke cikin jikinsa, ya kamata mu dakata mu dubi wani bawan Allah wanda ya ɗauki tasa ƙaya fiye da shekara 20.

An haifi Charles Spurgeon a Kelvedon, cikin ƙasar Ingila, a shekara ta 1834. Ya ba da gaskiya ga Yesu a watan Janairu 1850, ran da ƙanƙara ta tilasta masa ya fake cikin wata ƙaramar majami'a, inda ya ji wa'azi a kan Ishaya 45:22. Yana da shekara 19 aka kira shi Landan ya zama fasto. Nan da nan jama'a ta yi yawa har majami'a ta kāsa ɗaukarta, sai aka yi hayar wani babban zauren taro na Surrey Gardens.

A nan baƙin cikinsa ya soma. Ran 19 ga Oktoba 1856, zaure ya cika maƙil, sai waɗansu suka yi ihu wai gobara ta tashi. Babu wuta ko kaɗan, amma mutane suka ruga ƙofa suna tattake juna, har 7 suka mutu. A sume aka fitar da shi, yana saurayi ɗan shekara 22, wata ɗaya kuwa da haihuwar tagwayensa. Ya koma bisa aikinsa bayan makonni kaɗan, amma wannan dare bai rabu da zuciyarsa ba har ƙarshen ransa.

Yana wajen shekara 35 ciwon gaɓoɓi ya kama shi, irin wanda likitoci suke kira gawut. Wani abu ne mai kama da gishiri yake taruwa cikin jini, ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Gaɓar ta kumbura ta yi zafi, har mai ciwon ba ya jure ko mayafi ya taɓa ta. Yau akwai maganin da ke rage shi. Daga baya ciwon ƙoda ya ƙaru a kansa. Matarsa Susannah kuma, wadda za ta yi jinyarsa, ita ma ta kwanta ciwo, ta yi shekaru ba ta iya zuwa jin wa'azinsa ba.

Duk da haka kayan da ke kansa sai ƙaruwa suke yi. Ga sabuwar majami'a da aka buɗe a 1861, mai ɗaukar mutum wajen 5,000. Ga makarantar koyar da fastoci. Ga gidan marayu a Stockwell, wanda ba shi da abin dogara sai kyautar masu bi. Ga wa'azi da ake bugawa kowane mako. Cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta sharhinsa a kan dukan Zabura, littafi 7, ya gama a 1885. Mu da muke aikin juya Littafi Mai Tsarki mun san nauyin aya ɗaya ga mai lafiya, balle ga wanda hannunsa ya kumbura har riƙon alƙalami ya gagare shi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne bai ɓoye rauninsa ba. Ya gaya wa ɗalibansa a fili cewa baƙin ciki mai nauyi yakan faɗo masa, wani lokaci ba tare da wani dalili da ya sani ba, ya kuma gargaɗe su kada su ɗauka Ubangiji ya yashe su in nasu ya zo. Waɗansu suka ce ciwonsa horo ne saboda zunubi, kamar yadda abokan Ayuba suka faɗa. A ganinmu wannan magana ba ta da tushe cikin Yohanna sura 9. Ya taɓa ba da labari cewa wata rana azaba ta kai matuƙa, ya roƙi kowa ya fita daga ɗakin, ya yi wa Allah kuka kamar yaro ga ubansa, zafin kuwa ya lafa. Amma ciwon ya sāke dawowa, kuma bai ce addu'arsa ta faɗi banza ba.

Ƙaya ta ƙarshe daga 'yan'uwa ta fito. A 1887 ya ga waɗansu fastoci suna sassauta koyarwa a kan ikon Littafi Mai Tsarki da fansa ta wurin gicciye. Ya yi gargaɗi, ba a ji ba, sai ya fita daga tarayyar ikilisiyoyin Baftis. A Janairu 1888 majalisar tarayyar ta zarge shi a fili, waɗansu kuwa da shi kansa ya koyar ba su tsaya tare da shi ba. Susannah ta gaskata wannan gardama ce ta gajarta kwanakinsa.

Ya yi wa'azinsa na ƙarshe a majami'arsa ran 7 ga Yuni 1891. Aka kai shi Menton, a kudancin Faransa, inda yakan je neman sauƙi lokacin sanyi, Susannah kuwa ta sami ƙarfin tafiya tare da shi. A can ya rasu ran 31 ga Janairu 1892, yana da shekara 57. Aka kawo gawarsa Landan aka binne a maƙabartar Norwood.