Richard St. Barbe Baker, Baturen Da Ya Ba Da Ransa Ga Itatuwa

Yau za mu ba masu karatunmu labarin wani Baturen daji, wanda ya yi shekara sittin yana yawo ƙasa ƙasa yana roƙon mutane su dasa itatuwa. Mun zaɓe shi ne domin ya taɓa aiki a Nijeriya, kuma abin da ya fi damunsa, watau matsowar hamada, mu ne ya fi shafa.

An haifi Richard St. Barbe Baker ran 9 ga watan Oktoba, 1889, a wani ƙauye da a ke kira West End, cikin lardin Hampshire a kudancin Ingila. Ubansa yana da lambun renon itatuwa, saboda haka tun yana ƙarami ya iya shuka iri da dashe. A 1910 ya tafi Kanada neman ilmi, ya sauka a lardin Saskatchewan. A can ya ga yadda baƙin manoma su ke nome fili ba su bar masa wata kariya ba, iska ta zo ta kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka. Ya kuma yi aiki tare da masu saran katako, ya ga irin ɓarnar da a ke yi wa kurmi. Wannan abu bai fita daga zuciyarsa ba har ya mutu.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, sai ya shiga soja, aka yi masa rauni a Faransa. Bayan yaƙi ya koyi ilmin daji a Jami'ar Cambridge, sa'an nan a 1920 aka tura shi Kenya. Ya tarar an sare dazuzzukan tuddai da yawa, ruwan sama yana zaizaye gonaki. Gwamnati kuwa ba ta da kuɗin dashe. To, maimakon ya zauna jiran kuɗi, sai ya nemi shawarar wani basarake na kabilar Kikuyu mai suna Josiah Njonjo. Mutanen wurin sun saba yin rawa in za su fara wani muhimmin aiki, don haka su biyu suka shirya rawar itatuwa. Ran 22 ga Yuli, 1922, samari wajen 3,000 suka taru, aka zaɓi 50 daga cikinsu, suka yi alkawarin dasa itatuwa kowace shekara da kiyaye waɗanda ke tsaye. Aka sa musu suna Watu wa Miti, watau Mutanen Itatuwa da harshen Suwahili. A 1924 ya kafa jam'iyya mai wannan suna a Ingila, ta yi rassa a ƙasashe da dama. Tana nan har yanzu, amma an sake mata suna, ana kiranta International Tree Foundation.

Daga 1925 zuwa 1929 ya yi aikin daji a lardunan kudancin Nijeriya, cikin kurmin da a ke samun manyan itatuwa dangin maɗaci, waɗanda a ke kai katakonsu Turai. Ra'ayinsa shi ne kada a sari fiye da abin da kurmi zai iya mayarwa, gama kurmi kamar garken shanu ya ke: mai hankali yana shan nono, ba ya yanka uwar garke. Bayan ya bar aikin Gwamnati ya tafi Falasdinu a 1929, ya haɗa shugabannin addinai dabam dabam a kan maganar dashe. Ya kuma je Amurka, ya taimaka wajen ceton wasu dogayen itatuwa na jihar Kalifoniya, waɗanda tsawon wasunsu ya wuce ƙafa 300.

Aikin da ya fi shahara da shi ya zo ne bayan ya haura shekara 60. A 1952 ya keto Sahara da mota daga Aljeriya, yana duban ƙasa da tsiro da wuraren ruwa, ya rubuta littafi a kan tafiyar, wanda ya fito a 1954. Shawarar da ya kawo ita ce al'ummai su haɗa kai su dasa shingen itatuwa mai faɗin mil 30 a bakin hamada, domin a tare ta. A lokacin mutane da yawa sun ɗauki maganar mafarki ce. Bai fasa ba. Ya koma Niyu Zilan da zama a 1959, amma bai daina tafiye-tafiye da lacca da rubutu ba. A 1978 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta O.B.E. Ya mutu ran 9 ga Yuni, 1982, a garin Saskatoon na Kanada, yana da shekara 92, kwana kaɗan bayan ya dasa itacensa na ƙarshe a harabar jami'ar garin.

Ya kamata mu faɗi inda ya yi daidai da inda bai yi ba. Binciken masana na baya, musamman hotunan da a ke ɗauka daga sama, ya nuna cewa hamada ba ta tafiya sahu guda kamar rundunar yaƙi. Bakinta yana matsowa kudu a shekarun fari, irin na 1973 da 1984, ya koma arewa in damina ta yi kyau. Yawancin lalacewar ƙasa kuwa a cikin gonaki da makiyaya ta ke farawa, inda aka sare itatuwa aka bar fili tsirara. Saboda haka shinge ɗaya, kome faɗinsa, ba zai wadatar ba. Amma asalin maganarsa, cewa itace shi ne garkuwar ƙasa, gaskiya ce. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa daga Senegal zuwa Jibuti, kuma jihohi 11 na arewacin Nijeriya suna ciki.

Abin mamaki, nasarar da ta fi girma ba daga dashe ta fito ba. Tun daga wajen 1984 manoman ƙasar Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture cikin gonakinsu, suna rage rassan su bar masu ƙarfi. Da haka aka rayar da itatuwa a fili wajen eka miliyan 12. Da yawa daga cikinsu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki, ga abincin dabbobi da rani. Wannan ya yi daidai da abin da Baker ya gane a Kenya tun 1922, watau daji ba ya tsira sai mutanen wurin sun ɗauke shi nasu.

Muna jan hankalin malaman makaranta da ma'aikatan ofis a kan wannan. Dashe a ranar biki ba wuya, wuyar ita ce ban ruwa da rani da tsare shuka daga awaki. Malamin da ya ba kowane yaro itace guda ya rena har ya fita makaranta, da ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a takardar saran da ba ta bisa ka'ida, su ne magadan wannan mutum. Da ma an ce, da sanyin safiya a ke kama fara.