AL-BIRUNI: MALAMIN DA YA KARANTA ƘASA DA IDONSA

'Yan'uwa, yau ina so in ɗan taɓo muku tarihin Abu Raihan Al-Biruni, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a shekarar 973 Miladiyya a Khawarizm, cikin Uzbekistan ta yau. Malaminsa Abu Nasr Mansur ya ɗora shi a kan lissafi tun yana ƙarami. Yana ɗan shekara 17 kacal, ya auna tsayin rana da tsaka, ya fitar da matsayin garinsu a doron ƙasa.

Zamansa a fadar Sarki Mahmud na Gazna ya buɗe masa hanyar Indiya. A Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna tsayin wani tsauni, ya hau kansa, ya lissafo girman duniya. Ya kuma lura duwatsun kogunan can manya ne a gindin tsaunuka, suna ƙanƙancewa har su zama rairayi kusa da teku. Daga nan ya fahimci filin da teku ne, koguna suka cike shi da laka.

Abin da ya fi burge ni, a 1029 ya rubuta wa wata ɗaliba, Raihana, littafin At-Tafhim, tambaya da amsa, daga lissafi zuwa siffar ƙasa. Ya rasu a Gazna wajen 1050.

To malamai da iyaye, ga tambaya: yaranmu na haddace zaizayar ƙasa a aji, alhali kwari na cin bayan makarantar. Me zai hana mu fita da su, su gani, su auna, su tambaya?