Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Gwanin Ɗinkin Rauni

An haifi wannan bawan Allah wajen shekarar 936 Miladiyya kusa da birnin Ƙurɗuba ta Andalus, ya rasu wajen 1013. Littafinsa At-Tasrif kashi 30 ne, na ƙarshen kan aikin tiyata, da zanen kayan aiki kusan 200.

To yara, in hanjin mutum ya tsage, da me za a ɗinke shi, tunda ba a sake buɗe ciki don cire zare? Zahrawi ya yi amfani da zaren hanjin dabba, wanda jiki ke narkarwa da kansa. Ya ma ambaci wata dabara: a sa manyan tururuwa su ciji bakin raunin, a yanke jikinsu, kawunan su riƙe. Ikon Allah!

Ciwon daji kuwa, ya ga a cire shi tun yana ƙarami, in ya girma ya daɗe a ƙyale.

Yau in an dasa wa mai ciwon daji 'yar na'urar ƙarin magani ƙarƙashin fatar ƙirji, da zare mai narkewa ko gam na musamman ake rufe wurin. Allah Ya jiƙansa.