Thomas Peters: Bawan da Ya Bi Tutar Sarkin Ingila

Yayin da 'yan tawaye suka ƙwace Amurka daga hannun Ingila, kimanin mutum 60,000 daga cikin waɗanda suka yi wa Sarki George III biyayya sun bar ƙasar. Ba Turawa kaɗai ba ne, akwai baƙar fata a cikinsu. Ɗaya daga cikin fitattunsu shi ne Thomas Peters.

An haife shi a wajajen 1738, ya kuma yi bauta a garin Wilmington na Karolina ta Arewa. A 1775 Gwamna Dunmore na Birjiniya ya yi shela cewa duk bawan 'yan tawaye da ya gudo ya taya Sarki yaƙi, to ya 'yantu. A 1776 Peters ya tsere, ya shiga rundunar baƙar fata, har ya kai muƙamin saje. Ashe ke nan tasa biyayyar neman 'yanci ce, domin masu kiran 'yancin Amurka su ne ke riƙe da shi a bauta.

Da aka yi sulhu a 1783, iyayengijin bayi suka nemi a mayar musu da su, amma Janar Guy Carleton ya ƙi. Aka kwashe baƙar fata kimanin 3,000 zuwa Nova Scotia, a ƙasar Kanada ta yanzu, bisa alkawarin ba su gonaki. Nan fa aka yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Turawa aka fara raba wa ƙasa, su kuwa akasarinsu ba su sami ko taki ɗaya ba, wasu aka ba su fako. Ga tsananin sanyi, ga yunwa, dole suka koma yi wa Turawa ƙodago.

Bayan shekara shida yana kai kuka ba a saurare shi ba, sai Peters ya ɗauki takardar koken jama'arsa zuwa Landan a 1790. A can ya sadu da Granville Sharp, mai yaƙi da cinikin bayi, aka shirya mayar da masu so zuwa Afirka. A watan Janairu na 1792 jiragen ruwa 15 suka tashi daga Halifax da mutum kusan 1,200. A watan Maris suka kafa birnin Firitawun na Saliyo.

Sai dai ko a nan Peters bai sami yadda yake so ba. Kamfanin Saliyo ya damƙa mulki a hannun John Clarkson da majalisar Turawa zalla, ya kuwa yi jayayya da su a kan haka. Zazzaɓi ya kashe shi a watan Yuni na 1792, bai cika wata huɗu da sauka ba. Jikokin jama'arsa suna daga cikin tushen al'ummar Kiriyo ta Saliyo.