Muhammadu Namoda

Wanda duk ya tashi daga Gusau za shi Shinkafi, sai ya ratsa ta wani babban gari da a ke kira Ƙauran Namoda. Garin nan ya ci sunan wanda ya kafa shi ne, watau Muhammadu Namoda. Shi Namoda Bafillace ne, daga cikin Alibawan ƙasar Zurmi, a gabashin Zamfara. Ya yi zamani da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana kuwa cikin manyan jarumawan da suka taimake shi.

Cikin shekarar 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, yaƙi ya tashi tsakanin jama'arsa da Sarkin Gobir Yunfa. Da fari jama'ar Shehu suka yi nasara a Tabkin Kwatto. Amma kafin shekarar ta ƙare sai al'amari ya juya. Gobirawa da Azbinawa suka auka musu a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda ke can arewa da Shinkafi. Aka kashe mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani kamar 200.

Shekarar 1805 ta fi wannan tsanani. Jama'a suka koma Zamfara neman abinci, ga yunwa, ga ciwo. Waɗansu mayaƙa suka riƙa ƙwace hatsin talakawa, har Zamfarawa da yawa suka fusata, suka juya musu baya. A ƙarshen shekarar kuma aka sake cin jama'a da yaƙi a Alwasa, kusa da Gwandu.

To, a lokacin nan Namoda yana ƙasar Zurmi, nesa ƙwarai da Gwandu inda Shehu ya ke, abokan gaba kuwa sun kewaye shi. Labarin da ke zuwa masa duk marar daɗi ne. Da wani ne mai ƙaramar zuciya, da sai ya ce ai magana ta ƙare, ya kwashe iyalinsa ya gudu. Namoda bai gudu ba. Ya tsaya inda ya ke, ya tattara mutanensa, ya yi shiri, ya jira.

Cikin shekarar 1806 Gobirawa da Azbinawa da mataimakansu suka taso masa da runduna mai yawa. Aka gamu a Fafara, kusa da Zurmi. Aka yi yaƙi mai zafi, Namoda ya fatattake su. Daga ranar nan ƙarfinsu ya karye a Zamfara, jama'ar Shehu kuwa suka sami sararin numfashi. Ba da daɗewa ba ya kafa garinsa kusa da gulbin Gagare.

A shekarar 1808 Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya tara runduna don ya ci Alƙalawa, birnin da ya gagare su a dā. Namoda ya zo da mayaƙan Zamfara. Aka ci birnin, aka kashe Yunfa, ba nesa da Tsuntsuwa ba, inda aka yi kuka shekara huɗu da suka wuce.

Namoda bai daɗe ba bayan wannan. Wajen shekarar 1810 ya fita yaƙin Kiyawa, can ajalinsa ya same shi. Danginsa suka gaji sarautar garin, a kan kira mai riƙe da ita Sarkin Kiyawa. Garin ya yi ta bunƙasa, har jirgin ƙasa ya iso shi a shekarar 1929.

Wahalar da ta kai waɗansu ga fid da rai, ita ce ta fito da sunan Namoda. Bai ɗauki mugunyar shekara guda ya auna dukan zamani da ita ba. Gaskiyar Hausawa da su kan ce, kome nisan dare gari zai waye.