Zbigniew Dmochowski: Baƙon da ya adana kamannin gine-ginenmu na ƙasa

Ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Damina kaɗan ba yaɓe, sai soro ya koma tudu. Wannan ne ya damu Farfesa Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, wanda ya rasu a 1982.

Kafin zuwansa Afirka ya wallafa littafi kan gine-ginen ƙasarsu a Landan a 1956. Ya iso Najeriya a 1958, ya kama aiki da hukumar kula da kayan tarihi, ya shiga zagaya birane da ƙauyuka yana auna fadoji da masallatai da gidajen talakawa, yana zana su, yana ɗaukar hotunansu.

Ɗaukar hoton gini sana'a ce mai ƙa'ida. Idan aka ɗaga bakin ƙaramar kyamara sama don a kamo zanko, sai bangaye su fito kamar za su haɗe. Shi ya sa gwanayen zamaninsa suka fi son babbar kyamara mai ƙafa uku, mai jiki kamar zugazugin maƙeri, wadda ake zame gilashinta sama ba tare da an karkata ta ba. Cikin ɗaki kuwa, sai gilashi mai faɗin gani. Duk da haka hoto ba ya faɗin kaurin bango, don haka Dmochowski ya haɗa shi da awo da zane.

Amfanin aikinsa ya bayyana a masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Daga baya an lulluɓe shi da sabon gini, amma an gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, wanda Dmochowski ya assasa. Littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990, na farko kan Arewa.

Darasin ya shafi Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, da Kalgo da sauran garuruwan jihar Kebbi, inda siminti ke maye gurbin tubali. Duk mai shirin rushe zauren kakansa, ya fara auna shi, ya ɗauke shi hoto. Abin da aka rushe ba awo, ko gwani ba ya iya mayar da shi.