Alhassan Ɗantata: Almajirin da Aka Fansa, Ya Zama Attajiri



Shekaranjiya bayan la'asar wani saurayi ya tare ni a ƙofar masallaci nan Sabon Birni. Shekara uku ke nan yana neman gurbin jami'a bai samu ba, gonarsu kuma ta gagari zuwa saboda 'yan bindiga. A ganinsa, tunda babu digiri, rayuwa ta ƙare. Na zaunar da shi na ba shi labarin Alhaji Alhassan Ɗantata, na ga ya dace ku ma ku ji.

An haife shi a Bebeji, ƙasar Kano, a 1877, cikin Agalawa fatake. Yana yaro mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, ta bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Sunanta ne ya bi shi har yau. Karatunsa na allo ne, bai taɓa zama a ajin boko ba.

Ga inda ya fi taɓa ni. Lokacin basasar Kano ta 1893 zuwa 1894 an kama shi, sai da aka biya fansa ya kuɓuta. Mu mutanen Sabon Birni da Isa ba sai an fassara mana wannan ba. Gida nawa ne cikinmu aka sayar da shanu da gona don a karɓo ɗa? To, daga irin wannan halin ya sake ɗaukar kaya.

Fataucin goro ya shiga, hanyar Gwanja, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna. Sana'ar iyayensa ce, a cikin ayari ya koye ta. Amma bai tsaya inda ya same ta ba. Da ya lura jirgin ruwa na iya kai goro Ikko cikin 'yan kwanaki, sai ya koma wannan hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, sai suka rasa wanda manoma suka yarda da shi. Wannan yardar ita ce jarin Ɗantata. Yana ba yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo, su dawo da lissafi cikakke. Kakanninmu da suka riƙa kora jakunan gyaɗa ta Shinkafi zuwa tashar jirgin Ƙauran Namoda sun san wannan ciniki.

A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, an ce raƙuma ashirin ne suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa ajiya. Ya sauke farali tun zamanin da aikin hajji ke cin watanni. Ya rasu a Kano cikin Agusta 1955, ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Kada wani ya ce Malam ya hana boko, wallahi ban ce ba. Wanda ya samu hanya ya je, muna buƙatar likitoci. Shi dai yaron nan, na tambaye shi wa yake da shi mai sana'a. Ashe kawunsa na gyaran fankar sola da injin ban-ruwa a Isa, shi kuwa yana jin kunyar abokai su gan shi da baƙin mai a hannu. Mun yi da shi ranar Asabar zai tafi wajensa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir.